Yadda Ake Koyon Aikin Kwamfuta Daga Littafi a Garin da Wuta Ba Ta Zama

Matashin da ke Gwaram ko Tsanyawa ko wani ƙauye a bayan Ringim, da ya ce yana son koyon rubuta manhaja, shawarar farko da za a ba shi ita ce ya hau YouTube. Masu ba da wannan shawara yawanci a birni suke, inda sabis ke cika waya. A wajenmu bidiyon awa ɗaya yana iya lashe datar da mutum ya saya don mako guda, ga shi yana tsayawa yana juyi bini-bini. Littafi kuwa, ko mai shafi 500 ne, nauyinsa a waya bai wuce na 'yan hotunan biki ba. Sau ɗaya za ka sauke shi, ka karanta a gindin darbejiya, ka karanta a gona lokacin hutu, babu ruwansa da sabis. Marubucinsa kuma ya zauna ya jera darussa, wannan na bin wancan, abin da ba a samu a bidiyoyin da ake tsinta nan da can.

Sai dai littafin kwamfuta ba da ido kaɗai ake karanta shi ba, da yatsu ne. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya tsaya: littafi ɗaya a lokaci ɗaya, kowane misali ka buga shi da hannunka. Da namiji nake magana don sauƙin rubutu, amma ke ma 'yar'uwa da ke nake.

Da farko, san abin da ke gaba da wani

Fannoni uku ne. Akwai rubuta manhaja. Akwai kula da sabar, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da bayanan banki, asibiti ko makaranta, waɗanda mafi yawansu Linux ne ke tafiyar da su, wato babbar manhajar da ke riƙe da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Sai koyar da na'ura, reshen ƙirƙirarriyar basira inda ake ba kwamfuta misalai masu yawa ta tsamo ƙa'idar da kanta.

Na ukun shi ne ke jan hankalin kowa yanzu, shi ne kuma bai kamata a fara da shi ba. Littattafansa sun ɗauka ka riga ka iya Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, ka san yadda ake girka kaya a kwamfuta, kuma lissafin sakandare bai gudu ya bar ka ba. Wanda ya tsallake ya faɗa can, a babi na biyu yake ajiye littafin ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, alhali tsani ne ya hau daga sama. Saboda haka: Python tukuna, sannan Linux, sannan lissafi da sarrafa bayanai, koyar da na'ura a ƙarshe. Idan burinka kula da sabar ne kawai, kana iya sa Linux a gaba, Python ta biyo baya.

Na zaɓi Python ne don rubutunta ya fi sauƙin karantawa ga mai farawa, kuma ita ce dai za ka tarar a fanni na biyu da na uku. Guido van Rossum ya fito da ita a 1991, shekarar da Linus Torvalds ma ya fito da Linux.

Zaɓen littafi, da duba shekararsa

A rukunonin WhatsApp da Telegram za a turo maka tarin littattafai, wani lokaci ɗari a dunƙule. Kada ka karɓa. Da yawansu na sata ne, haƙƙin wasu ne, da yawa kuma sun tsufa. Ban da haka, mai littafi ɗari a waya ba ya gama ko ɗaya. Abin daɗin shi ne, wasu daga cikin mafi kyawun littattafan fannin, marubutansu da kansu suka sake su kyauta.

Na Python, ɗauki ɗaya cikin biyu. Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart, wanda ya fara fitowa a 2015 aka sabunta shi a 2019, ana karanta shi kyauta a shafin marubucin. Babobin farko tushe ne, sauran kuma aikin ofis ne zalla: fayilolin Excel, PDF, canza sunayen fayil ɗari a lokaci guda. Ga wanda ke son ya fara taimaka wa sakatariyar ƙaramar hukuma, makaranta ko shagon magani, shi zan ba shi. Think Python na Allen Downey kuwa ya fi koya tunani irin na mai rubuta manhaja, babobinsa gajeru ne, kuma akwai PDF ɗinsa kyauta. Nemi bugu na biyu ko na bayansa, don na farkon da tsohuwar Python aka rubuta shi.

Maganar tsufa ba ƙarama ba ce. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020. Buɗe tsakiyar littafin ka duba: idan ka ga print "sannu" babu baka biyu, tsohon yayi ne, ajiye shi. Na yanzu print("sannu") yake rubutawa. A littafin Linux, idan duk misalansa a kan CentOS 7 suke, wato wani nau'in Linux, ka sani an rufe kula da ita a ƙarshen Yunin 2024. Idan bai ambaci systemctl ba sam, ko da ifconfig kaɗai yake duba hanyar sadarwa babu ip, ya kwana biyu. Littafin koyar da na'ura ya fi kowanne saurin tsufa a ɓangaren kod, ko da bayaninsa na nan daram. Na lissafi ne kaɗai shekaru ba sa taɓawa.

Na Linux, The Linux Command Line na William Shotts: PDF kyauta, ya haura shafi 500, ya fara daga yadda ake shiga folda ya ƙare da rubuta jerin umarni masu aiki da kansu. Bayansa sai The Debian Administrator's Handbook na Raphaël Hertzog da Roland Mas, shi ma kyauta. Babban kundin nan na Evi Nemeth da abokan aikinta, UNIX and Linux System Administration Handbook, wanda bugunsa na biyar ya fito a 2017, na sayarwa ne kuma na dubawa ne idan aiki ya taso. Ba a fara koyo da shi. Haɗa da Pro Git na Scott Chacon da Ben Straub, mai koyar da git, manhajar adana tarihin canje-canjen kod, babi uku na farko sun ishe ka a yanzu.

Na koyar da na'ura zan kawo su idan mun isa wurin, kada su ɗauke maka hankali tun yanzu.

Kayan aiki, da ranar sauke kaya

Da wayar Android ma ana farawa. Sa Pydroid 3 don Python, ko Termux, wadda ke ba ka baƙin allon umarni irin na Linux. Termux daga F-Droid ake ɗauko ta, wani rumbun manhajojin Android daban da Play Store. Sayi kibod na USB da ɗan mahaɗin OTG, don buga kod da babban yatsa a gilashin waya yana sa mutum ya tsani aikin a banza. Da wannan za ka iya gama tushen Python da kashin farko na littafin Shotts.

Daga nan sai laftof. Ta hannu ta isa: ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook irin waɗanda ofisoshin waje suka sallama, ana samunsu a shagunan titin Beirut a Kano. RAM gigabait 8 ya fi, amma 4 ma yana aiki da Linux mara nauyi. Abin da za ka fi sa wa ido a wajenmu batir ne, ba ƙarfin inji ba. Sa mai shago ya cire caja a gabanka, ka zauna ka ga yadda kason ke sauka cikin minti 20. Danna kowane maɓalli. Idan kuɗinka ya kai, a sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mara faifan da ke juyawa, ya fi sauri, ya fi jure jijjigar babur a hanyar burji, kuma bai cika shan wuta ba.

Yanzu ware rana guda ta sauke kaya. Ranar da za ka shiga Dutse, Haɗeja, Kazaure, Wudil ko Kano, ko daren da ka sayi datar dare mai araha, tafi da jerin abin da kake so a rubuce da filash mai gigabait 16 ko 32. Sauke littattafan. Na Sweigart da yake shafukan intanet ne, buɗe kowane babi ka adana shi a matsayin PDF. Sauke cikakken bayanin Python daga shafinta, akwai shi a dunƙule don karantawa ba intanet. Sauke Linux Mint mai Xfce, kusan gigabait 3 ne. Idan Debian kake so, wani nau'in Linux ɗin, ɗauki babban faifan DVD na farko, don ƙaramin sai da intanet yake girkuwa. Sa Ventoy a filash ɗin, ka jefa fayil ɗin Linux a ciki, shi ke nan za ka iya tayar da kwamfuta daga filash ka gwada kafin ka girka.

Kayan Python da za ka buƙata nan gaba ma ana iya ɗebo su a ajiye. Inda akwai intanet ka buga:

pip download numpy pandas matplotlib scikit-learn -d kaya

A gida kuma:

pip install --no-index --find-links kaya numpy pandas matplotlib scikit-learn

Sharaɗi ɗaya: kwamfutar da aka sauke da wadda za a girka wa su zama iri ɗaya a tsari da lambar Python, in ba haka ba za ta ƙi. Mafi sauƙi ka sauke da laftof ɗinka. Sababbin Debian, Ubuntu da Mint kuma ba sa barin pip ya girka kaya kai tsaye sai a cikin keɓaɓɓen wuri da ake yi da python3 -m venv, don haka girka python3-venv tun kana inda sabis yake.

Kada ka buga littafi gaba ɗaya a takarda. Babi biyu ko uku da kake kai za ka kai wa mai fotokofi, shafi biyu a fuska ɗaya, gaba da baya. Ajiye su a leda cikin akwatin ƙarfe saboda gara da yoyon damina. Laftof kuma kada ta hau katifa ko darduma tana aiki, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Ɗora ta a kan benci, ka rufe ta da ƙyalle idan ka gama, don ƙurar hunturu tana toshe fanka.

Yadda ake karanta babi guda

Nan ne aikin yake. Raba karatunka gida biyu: na lokacin da babu wuta, da na lokacin da batir ke cike. Batirin da ka biya mai caji ko ka jira sola ta cika, ba na karanta bayani ba ne, na buga kod ne kawai.

Da rana, da takarda da biro, karanta babin sau ɗaya a guje don ka ga inda ya dosa. Koma ka bi shi a hankali. Duk misalin kod da ka tarar, kwafe shi cikin littafin rubutu, ka rufe amsar da marubucin ya bayar, ka rubuta abin da kake zaton kwamfuta za ta fitar. Ɗauki wannan:

jimla = 0
for kudi in [500, 200, 300]:
    jimla = jimla + kudi
print(jimla)

Ja layi biyu a takarda, ɗaya na kudi ɗaya na jimla. Zagaye na farko kudi 500, jimla 500. Na biyu 200, jimla 700. Na uku 300, jimla 1000. Abu ɗaya za a buga, 1000. To idan aka tura layin print ciki ya daidaita da layin da ke samansa fa? Sai a buga uku: 500, 700, 1000. Wanda ya gano wannan da biro kafin ya kunna kwamfuta ya fahimci for, kuma bai ƙona ko kashi ɗaya na batir ba.

Da dare ko duk lokacin da caji ya samu, buga misalan da hannunka, harafi bayan harafi. Kada ka kwafa ka manna ko da PDF ɗin na buɗe a gefe. Yatsu ne ke koyon inda ake sa digo biyu da inda ake rufe baka. Idan ya yi aiki, ɓata shi da gangan: cire digo biyun, canza babban harafi zuwa ƙarami, share tazarar farkon layi, ka ga irin ƙorafin da zai fito.

Ƙorafin nan shi ne malaminka na biyu, kuma shi ne abin da masu farawa suka fi gudu. Sau da yawa yaro zai zo ya ce, "Malam, ta ƙi." In ce, "Me ta ce maka?" Ya ce, "Wani dogon Turanci ne ya fito, sai na rufe." To a cikin Turancin nan amsar take. Daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe yana faɗin irin kuskuren, na samansa yana faɗin lambar layin da abin ya faru. NameError na nufin ka kira sunan da ba ka ƙirƙira ba, ko ka kuskure harafi. IndentationError tazarar farkon layi ce ba ta daidaita ba. TypeError yawanci ka haɗa rubutu da lamba ne. Wani kuskuren ma ba ya ƙorafi: duk abin da input() ya karɓa rubutu ne, don haka 500 da 200 za su ba ka 500200 maimakon 700, sai ka bi da su ta int(). Ware shafukan bayan littafin rubutunka don wannan: saƙon kuskure, abin da ya jawo shi, yadda ka gyara. Wanda ya gagare ka, rubuta shi daidai yadda ya fito, ka tara su, ranar da ka samu sabis ka bincika su gaba ɗaya.

Sai atisayen ƙarshen babi. A makarantar allo ba a wanke allo sai an biya karatun an ji ya zauna, to haka nan ma: ba ka wuce babi sai ka yi atisayensa littafi a rufe. Idan ɗaya ya tsaya maka, kwana biyu kana juya shi ba asara ba ce. In ya wuce haka, yi masa alama ka ci gaba, ka waiwaye shi bayan babi biyu.

Abu na ƙarshe a kowane babi, wanda babu marubucin da zai yi maka: mayar da misalin gida. Littattafan nan a Amurka aka rubuta yawancinsu, misalansu na can ne. Kai rubuta na adashen gidanku, na bashin mai shago, na kuɗin 'yan ƙwadago a gonar shinkafa. Bayan babin if da def, gwada zakkar amfanin gona. Nisabi wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin:

def zakka(sai, ban_ruwa):
    if sai < 300:
        return 0
    if ban_ruwa:
        return sai / 20
    return sai / 10

Kai wa malamin garinku ya duba ƙa'idar, ya faɗa maka yadda ake mayar da sa'i zuwa tiya ko dami a yankinku, ka ƙara wannan a ciki. Lura na rubuta sai ne ba sa'i ba, don Python ba ta yarda da wannan alamar a cikin suna.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna da nasu tarkon da littafin ba zai gaya maka ba. Idan za ka ajiye sunaye masu ƙ, ɗ ko ɓ a fayil, rubuta open("sunaye.txt", "w", encoding="utf-8"). In ka bar ƙarshen, a Windows yana iya tsayawa da UnicodeEncodeError. Kuma sorted() zai jefa Ɗanladi can bayan Zainab, saboda lambar Ɗ a tsarin Unicode ta fi ta Z girma. Gyara wannan jerin ya bi abacadar Hausa atisaye ne mai kyau bayan babin dictionary, wato ƙamus na Python.

Turancin littafin idan ya yi maka nauyi, sa ƙamus mara buƙatar intanet a waya, kuma ƙarshen kowane babi rubuta abin da ka gane da Hausa cikin layi biyar. Wanda ka kasa faɗa da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna.

Linux: sai ka zauna a cikinta

Littafin Shotts ba ya shiga kai idan Windows ce gidanka kana leƙa Linux jefi-jefi. Kwashe fayilolinka zuwa filash, ka girka Linux a laftof ɗin, ko ita kaɗai ko a gefen Windows. Daga ranar, duk abin da ka saba yi da linzami yi shi da umarni: pwd ka ga inda kake, ls ka ga abin da ke wurin, cd ka shiga, cp da mv ka kwafa ko ka matsar, grep ka nemi kalma. Idan ka manta yadda umarni ke aiki, man da sunansa zai buɗe maka bayaninsa, yana cikin kwamfutar, ba ya cin data.

Hattara da abu uku. rm ba shi da kwandon shara, abin da ya share ya tafi, don haka buga ls da irin sunan da za ka share ka ga abin da zai shafa kafin ka sa rm. Kada ka sa sudo a gaban umarnin da ba ka san aikinsa ba. Kuma chmod 777, da za ka ga ana ba da shawararsa duk lokacin da fayil ya ƙi buɗuwa, buɗe wa kowa ƙofa ne, koma babin izini ka gyara yadda ya dace.

Kula da sabar yana buƙatar na'ura biyu, kuma kana da su. Kunna hotspot na wayarka ko da data a kashe, haɗa laftof da shi. Girka openssh-server a laftof, duba lambarta da ip a, sannan daga Termux ka shiga cikinta da ssh. Ka zama mai kula da sabar daga nesa, ko da nisan daga zaure ne zuwa tsakar gida. Ƙirƙiri masu amfani biyu, ka hana ɗaya ganin fayilolin ɗaya. Tsayar da wani aiki da systemctl, ka tashe shi, ka karanta abin da ya faru da journalctl. Sa cron ya riƙa kwafe foldar aikinka zuwa filash da rsync kullum bayan isha'i. Sannan shiga foldar littattafanka ka buga python3 -m http.server 8000. Duk abokin da ya hau hotspot ɗin zai buɗe burauza, ya sa lambar laftof ɗin da :8000, ya sauke littattafan kyauta ba tare da an taɓa data ba. Termux kaɗai ba za ta koya maka wannan sashe duka ba, don ba ta da systemd, tsarin da systemctl da journalctl ke aiki da shi.

A nan ne kuma za ka fara ajiye kod ɗinka da git. Yana aiki ba intanet, sai ranar da sabis ya samu ka tura zuwa GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet.

Lissafi, sannan koyar da na'ura

Kafin ka buɗe kowane littafin fannin, nemo New General Mathematics na babbar sakandare a wurin ƙanenka ko wani malamin makaranta. Bita sassan matiris, yiwuwar aukuwa, ƙididdiga da farkon kalkulas. Idan sun zauna, Mathematics for Machine Learning na Deisenroth, Faisal da Ong, na 2020, PDF ɗinsa kyauta ne. Yana da tauri, a bi shi a hankali a gefen sauran karatu, ba sai an gama shi za a ci gaba ba.

Don sarrafa bayanai, Python Data Science Handbook na Jake VanderPlas yana nan kyauta a intanet, sassan NumPy da pandas za ka fi buƙata. Don fahimtar fannin kansa, An Introduction to Statistical Learning, wanda ya fito a 2013 da harshen R, aka fitar da na Python a 2023, shi ma kyauta. Idan akwai littafi ɗaya da zan ce a haɗa kuɗi a saya, Hands-On Machine Learning na Aurélien Géron ne, bugu na uku na 2022. Babinsa na biyu yana ɗaukar aiki guda daga farko har ƙarshe, hasashen farashin gidaje a Kalifoniya daga ƙidayar 1990. Deep Learning na Goodfellow, Bengio da Courville, na 2016, ana yawan ambatonsa, amma na masu zurfin bincike ne. Bar shi tukuna.

Ba ka buƙatar babbar kwamfuta don rabin farko na wannan karatu. A cikin scikit-learn, kayan Python na koyar da na'ura, akwai ƙananan bayanai da ke zuwa tare da ita, ciki har da hotuna 1,797 na lambobin da aka rubuta da hannu:

from sklearn.datasets import load_digits
from sklearn.model_selection import train_test_split
from sklearn.neighbors import KNeighborsClassifier
X, y = load_digits(return_X_y=True)
Xk, Xg, yk, yg = train_test_split(X, y, test_size=0.25)
m = KNeighborsClassifier().fit(Xk, yk)
print(m.score(Xg, yg))

Tsohuwar laftof za ta gama wannan kafin ka ɗaga kofin shayi, sakamakon kuma zai haura 0.95. Layi na biyar shi ne zuciyar fannin: an ɓoye kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan, ba a nuna wa na'urar ba sai wajen gwaji. Idan ka gwada ta da abin da ka koyar da ita, za ta ci kusan duka don ta riga ta gan su, lambar kuma ba ta gaya maka komai.

Idan ka kai babobin da ke buƙatar injin hoto mai ƙarfi, wato GPU, yi amfani da Google Colab. Aikin a kwamfutocin Google yake gudana, har manyan bayanan can ake sauke su, kai rubutu da sakamako kawai ke zuwa maka, don haka bai cika cin data ba. Rubuta kod ɗin a gida tukuna, ka hau ka gudanar, ka sauke sakamakon nan take, don idan zaman ya yanke fayilolin suna ɓacewa.

Aikin kanka na farko, tara bayanan da babu wanda ya tara. Farashin gero, wake ko riɗi a kasuwar garinku, ko na dabbobi a Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, kowane mako layi ɗaya a fayil ɗin CSV: kwanan wata, kaya, ma'auni, farashi. Tsaya a kan ma'auni ɗaya, kada yau tiya gobe buhu. Shekara guda layi 52 kacal za ta ba ka a kowane kaya, wanda bai isa hasashen da za a sa kuɗi a kai ba, amma ya isa ka koyi tsaftace bayanai da zana yadda farashi ke faɗuwa da kaka ya tashi da bazara. Idan za ka gwada hasashe a kansu, kada ka cakuɗa layukan kamar yadda aka yi da hotunan lambobi. Koyar da watannin farko, ka gwada da na ƙarshe, in ba haka ba na'urar ta leƙa gobe ke nan kafin ta faɗi jiya. Wanda kuma harshe ya fi jan hankalinsa, ƙungiyoyin HausaNLP da Masakhane suna sakin bayanan rubutun Hausa kyauta, a Common Voice na Mozilla kuma akwai muryoyin Hausa da za ka iya saukewa, ka kuma ƙara taka da wayar da ke hannunka.